Wa Zai Tsaya wa Malami a Ƙofar Asibiti?

A taron reshe da ya gabata an kawo shawarar kafa kwamitin da zai riƙa tsaya wa 'yan ƙungiya da iyalansu idan ciwo ya kai su asibiti. Shawarar ba ta sami ko minti goma ba. Wani daga cikin manyanmu ya miƙe ya ce harkar asibiti ba hurumin ƙungiyar malamai ba ce, mu ji da ƙarin girma da ariyas da kuɗin hutu. Wani kuma ya ƙara da cewa korona ta wuce, tone-tone ba ya da amfani. Aka yi tafi, aka wuce zuwa batu na gaba. Mu da muka kawo shawarar ba a ba mu damar mayar da jawabi a zauren ba, shi ya sa muka kawo amsarmu wannan shafi, inda matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu za su gani, domin su ne suke kwana a barandar asibiti idan ɗayanmu ya kwanta.

Tun da an ce korona ta wuce, bari mu tuna yadda ta wuce. An rufe makarantu a watan Maris na 2020. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Kano. Ranar 16 dokar kulle ta fara aiki, ranar 24 aka ɗauki azumi, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a kulle Kano ruf har mako biyu. A cikin waɗannan kwanaki masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa gawarwakin da ake kawo musu sun wuce ƙima. Da farko hukumomi suka danganta abin da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Fiye da rabinsu a gida suka cika.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya tsaya a kanta. Mutanen Kano ba su jahilci hanyar asibiti ba. Waɗanda suka cika a gida, da yawansu an kai su an dawo da su, wasu kuma iyalansu sun ji labarin yadda ake dawo da mutane, suka ga gara su bar majinyacinsu a kan tabarmarsa da a yi ta yawo da shi a titi. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ƙofa, na gwamnati kuma suna tsoron duk wanda ya zo da zazzaɓi ko sarƙewar numfashi. Ɗakin gwajin da jihar ta dogara da shi ya tsaya cak na wasu kwanaki a daidai lokacin da ake tsananin bukatarsa. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai naƙuda duk suka zama abin gudu, alhali cututtukansu ba su tafi hutu don an yi annoba ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su abokin aikinmu ne. Ya shekara fiye da ashirin yana riƙe da aji, ciwon suga kuwa ya daɗe yana lallaɓa shi da magani. Cikin azumin nan jikinsa ya rikice da dare. Mai ɗakinsa ta roƙi wani maƙwabci mai a-daidaita-sahu, suka ratsa shingayen jami'an tsaro da roƙo da magiya, suka isa asibitin da aka yi masa rajista, wanda saboda shi ake yankar wani abu daga albashinsa duk wata. Mai gadi bai buɗe ba. Ta cikin ƙarfen ƙofa aka tambaye ta ko yana tari, da ta ce yana haki sai aka ce ta gwada gaba. A asibiti na biyu an ce babu gado. A na uku an ce sai ta kawo takardar gwajin korona, gwajin da a daren nan ba wanda zai iya gaya mata inda ake yin sa. Ko yatsarsa ba a tsaga an duba sugansa ba, aikin da ba ya cin minti biyu. Kafin sallar asuba ta dawo da shi gida, kafin azahar ya cika. Mu abokan aikinsa sai a waya muka ji, dokar kulle ta hana mu ko raka shi makwancinsa.

A cikin makon nan kuma wata malama 'yar'uwarmu ta kai mahaifinta asibiti da irin waɗannan alamomi, aka tsayar da su a ƙofa kamar yadda aka tsayar da wancan. Sai dai ita tana da ɗan'uwan miji da ke aiki a wata ma'aikata, wanda ya san wani babba a asibitin. Waya ɗaya aka buga, ƙofa ta buɗe, gado ya samu, aka sa wa tsohon iskar oksijin, ya yi kwanakinsa ya fito da ƙafarsa. Muna taya ta murna har gobe, kuma ba mu ga laifinta ba, domin kowa a matsayinta haka zai yi. Amma a dubi mutanen nan biyu da idon basira. Garinsu ɗaya, makon ɗaya, ciwonsu ya yi kama. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana da wanda zai yi magana a madadinsa a ji, ɗayan kuwa sai matarsa ita kaɗai da katin asibiti a hannu.

Ga tambayarmu ga waɗanda suka yi tafi a zaure: malamin firamare wa ya sani? Ba shi da kawu kwamishina, ba shi da suruki darakta. Ƙungiya ce kaɗai babban mutumin da ya mallaka, kuma don haka ake cire kuɗinta daga albashinsa kafin ma ya gan shi. Idan ta iya zama masa baki a gaban sakataren ilimi ranar da aka tsallake sunansa a ƙarin girma, me zai sa ta zama bebiya ranar da aka tsallake shi a ƙofar asibiti?

Kada a ɗauka alfarma muke so a nema wa malamai. Haƙƙi ne da doka ta riga ta rubuta, mu ne dai ba mu karanta ba, abin kunya ga masu koyar da karatu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti da kowane ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda yake bukatar taimakon gaggawa, kowane irin dalili aka kawo, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa duka biyun. Sashe na 23 ya wajabta a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da irin maganin da za a yi masa, cikin harshen da yake fahimta gwargwadon iko. Sashe na 30 ya ba kowa damar kai ƙorafi a kan yadda aka bi da shi a asibiti, a kuma bincika. A watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata guda 12. Duk waɗannan suna nan daram a daren da aka dawo da abokinmu. Matarsa ba ta san da su ba, mu ma ba mu sani ba, kuma mai gadin da ya hana ta shiga mai yiwuwa bai taɓa jin labarinsu ba. Dokar da ba wanda ya riƙe ta a hannu a bakin ƙofa, amfaninta ɗaya da littafin da ya kwana a sito ba a raba wa yara ba.

An faɗa mana a bayan zaure cewa ajali ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a gaban likita goma yake sai ya tafi. Mun yi imani da haka, ba mu kuma ce da an buɗe ƙofa lalle da abokinmu yana raye ba. Wannan sanin na Allah ne. Abin da muka sani shi ne an ba wasu mutane amanar duba shi, ba su duba ba, kuma ƙaddara ba ta sauke wa kowa amana. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ba wanda ya isa ya ce imaninsa da ƙaddara bai kai namu ba. A makarantunmu ma, idan bangon aji ya faɗo wa yaro, muna yi wa iyayensa ta'aziyya da cewa haka Allah ya so, sa'annan mu rubuta rahoto mu tambayi wanda aka ba kwangilar gyara. Ba mu taɓa ganin saɓani tsakanin abubuwan nan biyu ba sai da maganar ta zo kan asibiti.

An kuma ce za mu haɗa kanmu faɗa da likitoci da ma'aikatan jinya, alhali 'yan'uwanmu ne ma'aikata. Wannan uzuri yana da ƙanshin gaskiya, don haka ya cancanci amsa ta tsanaki. Mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a tura mutum aiki hannu rabbana. Wanda aka ba aji mai yara fiye da ɗari ba alli ba benci, ba zai yi saurin zagin nas ɗin da aka ce ta tari mai tari ba safar hannu ba takunkumi. Kafin annobar, alawus ɗin haɗari da ake ba likita a wata naira 5,000 ne. Ma'aikatan lafiya da yawa sun kamu, wasu sun rasu a bakin aiki. Ranar 15 ga Yunin 2020 likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki, rashin kayan kariya yana cikin manyan dalilansu. Dokar nan ta 2014 da ta kare majinyaci ita ce ta ɗora wa asibiti alhakin kare ma'aikatansa daga kamuwa da cuta. Tushen abin kuma yana sama: a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya, kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba, a shekarar annobar ma bai kai kashi 5 ba.

Saboda haka ƙorafin majinyaci da ƙorafin nas hanyarsu ɗaya, ofis ɗaya suke dosa. Sai dai su ma'aikatan lafiya suna da ƙungiyoyin da suka buga tebur a madadinsu, aka kira su aka zauna da su. Majinyaci fa? Da wa aka zauna a madadinsa? Shirunmu bai ƙara wa ko nas ɗaya safar hannu ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sauƙaƙa wa masu kasafi, domin gadon da ba a samu ba da iskar da ta ƙare ba su shiga lissafin kowa ba. Duk lokacin da aka rubuta cewa an dawo da mutum kaza daga ƙofa kaza saboda babu kayan kariya, an ba ma'aikatan asibitin nan hujjar da za su ɗauka su kai gaba.

Wanda yake shakkar ko muryar majinyaci tana da tasiri, ya tuna abin da ya faru a Gombe a watan Mayun 2020. Mutanen da aka killace a cibiyar Kwadon sun fito sun tare hanya suna kukan an yi watsi da su, ba kulawa ba isasshen abinci. Ba ma yaba fitowar masu ɗauke da cuta cikin jama'a, haɗari ne a gare su da waɗanda suka taru kallo. Amma a ranar ƙasa duka ta ji kukansu, har hukumomi suka fito suna bayani. Abin tambaya shi ne me ya sa sai da marasa lafiya suka hau titi kafin a saurare su. Da akwai wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa, da wani da zai ɗauki kukansu ya kai inda ya dace, da ba a kai ga haka ba. Irin wannan ƙofa muke so reshenmu ya zama ga nasa mutanen.

Uzuri na ƙarshe shi ne babu kuɗi. Mu duba littafin ma'aji tare. Duk lokacin da ɗan ƙungiya ya rasu muna haɗa gudummawa, mu ɗauki mota mu je gaisuwa, mu miƙa ambulan, kuma haka ya kamata. Amma mene ne hikimar ƙungiyar da take da tsari cikakke na zuwa ta'aziyya, ba ta da ko lambar waya ɗaya da matar malami za ta kira yana da sauran numfashi? Abin da muke nema bai kai kuɗin motar gaisuwa ba.

Ga shi dalla-dalla, don kada a sake cewa ba a fahimci shawarar ba. A kafa kwamitin mutum biyar, aƙalla biyu mata, domin akwai ciwon da malama ba za ta iya faɗa wa namiji ba, kuma mafi yawan masu jinya a gidajenmu mata ne. A ba kwamitin layin waya ɗaya da ba a kashewa, 'yan kwamiti su riƙa karɓa-karɓa, a rubuta lambar a ofishin kowane hedimasta, a kuma kai ta kowane gida. Aikin wanda yake riƙe da wayar shi ne ya je ko ya tura wani, ya tsaya tare da mai jinya, ya nemi ganin babban ma'aikacin da ke bakin aiki, ya yi magana cikin ladabi da sunan ƙungiya. Ba zai koya wa likita aikinsa ba, ba kuma zai nemi a tsallake layi saboda malami ba. Iyakarsa ya tabbatar an duba majinyaci, an yi wa iyalinsa bayani, idan kuma za a tura shi wani asibiti a ba shi takardar turawa a faɗa masa inda zai je.

Sa'annan a fassara sassan nan uku na doka zuwa Hausa, a buga su a ƙaramin kati da zai shiga aljihu, a raba wa kowane ɗan ƙungiya. A cikinmu akwai malaman Hausa da na Ingilishi da za su gama wannan aiki a yini guda. A kuma buɗe rajista. Mu ne mutanen da muke kiran suna kowace safiya, muke sa alama a gaban yaron da bai zo ba, idan ya kwana uku mu aika gidansu. Wannan horo namu shi ne abin da aka rasa a 2020, har sai da masu haƙar kabari suka zama masu ƙidaya. Duk ɗan ƙungiyar da aka dawo da shi daga ƙofa, ko aka ce ya sayi maganin da kuɗin da ake yanka masa ya kamata ya biya, a rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, tare da kiyaye sirrinsa. Wanda aka kyautata wa ma a rubuta, domin ma'aikacin kirki ya cancanci a san da shi. Ƙarshen kowane zango a tattara, shugabannin reshe su kai wa hukumomin da abin ya shafa, su aika kwafi ga uwar ƙungiya ta jiha, su nemi amsa a rubuce. Kada kuma a manta da waɗanda suka yi ritaya. Binciken 2020 ya nuna tsofaffi ne suka fi mutuwa, kuma tsohon malamin da ke jiran giratuti shi ne ya fi kowa rashin mai tsaya masa.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. A shekarar nan ce kuma mashaƙo ya yi ta'adi a Nijeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne sa'annin waɗanda muke koyarwa. Wanda ya ce annoba ta wuce, ya gaya mana wacce yake nufi. Sanƙarau yana nan yana jiran bazara, amai da gudawa suna jiran damina. Ko babu ɗaya daga cikinsu, hawan jini da naƙuda da haɗarin hanya ba sa duba kalanda, kuma ƙofar da ta ƙi buɗewa a 2020 ba a canza mata makulli ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za mu sake gabatar da shawarar a taron reshe mai zuwa, wannan karon a rubuce, kuma za mu nemi a kaɗa mata ƙuri'a maimakon a rufe ta da tafi. Manyanmu da suka soke ta muna girmama su, muna kuma roƙonsu su zo da hujjarsu mu saurara. Sauran 'yan'uwa kuwa, kafin ranar, kowa ya zauna da iyalinsa ya yi musu tambaya ɗaya: idan na faɗi da tsakar dare, wa za ku kira? Duk wanda aka ba shi suna nan take, to ya gode wa Allah. Wanda gidansa ya yi shiru, muna jiransa a zaure, ya zo da wuri ya zauna a gaba.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.